Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan tiyatar Andalus, da abin da ya koyar game da ciwon daji

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa, a wannan mako mun ɗauko tarihin wani bawan Allah da ya rasu fiye da shekara dubu da suka wuce. Dalili kuwa shi ne tambayar da ake yawan kawo mana a Nima da Maamobi: an yi wa mutum tiyatar ciwon daji na ƙarshen hanji, ciwon ya dawo, ya kama hanta ko huhu, dangi kuma sun rabu biyu, wasu na cewa a sake yanka, wasu na cewa a kai shi gida. Wannan tambaya tsohuwa ce, kuma Az-Zahrawi yana cikin waɗanda suka amsa ta a rubuce.

Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas. An haife shi wajen shekarar 936 miladiyya a ƙasar Andalus, wato Sifaniya ta yau. Ana danganta shi ga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina kusa da Ƙurɗuba. A can ya yi aikinsa, ya zama likita a fadar Halifa Al-Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976. Ibn Hazm ya lissafa shi cikin manyan likitocin Andalus.

Bayan shekaru masu yawa yana duba marasa lafiya, ya tara iliminsa a littafin At-Tasrif, kashi 30, wanda ya kammala wajen shekarar 1000. Kashi na ƙarshe shi ya fi shahara, domin shi ne na tiyata. Ya raba shi uku: lalas da ƙarfe mai zafi, sai yanka da ƙaho da jinyar rauni, sai ɗorin karaya. Ya zana kayan aiki kusan 200 don ɗalibi ya ga siffarsu. Ya yi bayanin ɗinke hanji da zaren da aka murza daga hanjin dabba. Ya kuma ba da labarin wani ƙauye da mazajensa ke mutuwa saboda jini ba ya tsaya musu ko da rauni ƙarami ne, cutar da likitoci suka gano daga baya cewa gadonta ake yi.

Kukansa a farkon kashin shi ne tiyata ta faɗa hannun waɗanda ba su san tsarin jikin ɗan Adam ba, suna yanka jijiya ba su sani ba, mutum ya mutu a hannunsu. Don haka ya raba wa ɗalibansa aiki gida biyu, wanda ake sa ran tsira a cikinsa, da wanda galibi halaka ke biyo bayansa, ya gargaɗe su kan na biyun.

Da ya zo babin ciwon daji sai ya sa ma'auni. Idan ciwon sabo ne, ƙarami, kuma yana wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya, kamar nono ko cinya, a yanke shi a zagaye har kada a bar masa saiwa. Idan kuwa ya daɗe ya girma, kada a kusance shi da wuƙa. Sannan ya faɗi abin da ba kowane gwani ke iya faɗa ba: shi kansa bai taɓa warkar da irin wannan ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. A ganinmu wannan jumla ta fi kayan aikin nan 200 daraja. Mutumin da fada ta yarda da shi, ya rubuta wa almajiransa iyakar hannunsa. Ku gwada shi da mai lasifika a tashar mota, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin cuta arba'in.

Ilimi ya ci gaba bayansa, alhamdu lillahi. Yau idan ciwon ƙarshen hanji ya dawo, likitoci kan fara da hoton ciki don su ga inda ya kai. In ɗigo kaɗan ne a hanta ko huhu, kuma jikin mara lafiya zai iya ɗauka, akan yanke su, tare da maganin da ake sawa ta jijiya, wani lokaci da gashi. In ya watsu ko'ina, tiyatar da za a yi ta sauƙaƙa wahala ce, kamar buɗe wa bayan gida hanya ta gefen ciki idan hanji ya toshe. A Korle Bu akwai masu tiyata da sashen gashin ciwon daji. Amma tambayar da likitan zai yi wa kansa ita ce dai ta Az-Zahrawi: za a iya cire shi duka ko ba za a iya ba? Masu tsoron jakar gefen ciki saboda alwala kuma su tuntuɓi malamai, domin shari'a ta yi wa mai uzuri sauƙi.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Az-Zahrawi ya yi babi a kan bawasir, kalmar da muka mayar basir, maƙwabtanmu kuma ke kira kooko. A Zango duk jinin da ya fito ta dubura basir ne a bakinmu, kuma kunya kan hana dattijo ya bari a duba shi. Sau da yawa basir ɗin ne. Amma ciwon daji na wannan wuri ma da jini yake farawa, da canjin bayan gida, da rama. Watannin da aka kwashe ana shan jiƙo su ne ke fitar da mutum daga kashin farko na ma'aunin Az-Zahrawi zuwa na biyu.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo daidai da fitinar da ta rusa halifancin Ƙurɗuba. An washe Madinatuz Zahra wajen 1010, shi kuma ya rasu wajen 1013. Littafin ya tsira. Gerard na Cremona ya fassara kashin tiyata zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12, Turawa suka riƙa kiransa Albucasis, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karanta shi a makarantun likitanci na Turai. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.