MASHAL NEY, MAI TSARON BAYAN RUNDUNA

An haifi Michel Ney ran 10 ga Janairu, 1769, a Saarlouis, wani gari kusa da iyakar Faransa da Jamus. Ubansa mai sana'ar yin gangunan katako ne. Da ya gama makaranta aka sa shi aikin akawu a ofishin wani lauya, amma zaman kujera bai karɓe shi ba. Cikin 1787 ya ajiye alƙalami ya shiga sojan doki. Ya fara daga ƙasa ƙwarai, yana hawa a hankali, har cikin 1804 Sarki Napoliyon ya naɗa shi Mashal, watau muƙamin da ya fi kowane girma a sojan Faransa.

Yaƙe-yaƙen da ya ci suna da yawa, amma ba su ne suka sa ake tunawa da shi ba. Sunansa ya fito ne ran da aka kori rundunarsu.

Cikin Yuni, 1812, Napoliyon ya shiga ƙasar Rasha da mayaƙa fiye da 400,000. Ya isa Mosko cikin Satumba, ya tarar mutane sun watse, sa'an nan birnin ya kama da wuta. Ran 19 ga Oktoba ya juyo, ba shi da abin da ya wuce mutum 100,000. Rashawa suka tare masa hanyar kudu mai abinci, tilas ya biyo hanyar da ya zo, wadda shi da kansa ya riga ya cinye. A farkon Nuwamba aka ba Ney tsaron baya.

Mai karatu ya lura da wahalar wannan aiki. Na gaba su ke fara isa zango, su cinye abin da ke akwai, su ƙone gidajen don jin ɗumi. Na baya ya zo ya tarar da toka. Shi ne kuma zai tsaya ya yi faɗa kullum safiya, don sauran su sami tafiya. Ga sanyi, wanda hunturunmu ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Dawaki ba a yi musu takalman da ke riƙe ƙanƙara ba, sai su zame su faɗi, mutane su yanke su su ci. Doki kuwa in ya mutu, igwar da ya ke ja ta tsaya ke nan. Amma a ganina abin da ya fi duk waɗannan ɓarna shi ne watsewar tsari. Soja in ya jefar da bindigarsa ya bar layi, ya zama baki mai ci kurum, ya kuma cika hanya.

Ran 17 ga Nuwamba Ney ya bar Smolensk da masu bindiga wajen 6,000. Kashegari a Krasnoi ya tarar rundunar Janar Miloradovich ta shiga tsakaninsa da Napoliyon. Aka aiko masa ya ba da kai, ya ƙi. Ya kai hari cikin hazo, igogi suka yi musu kaca-kaca. Gaba ta toshe, baya babu kowa nasa. Da dare ya yi sai ya sa aka hura wuta da yawa kamar za su kwana, ya sulale da mutanensa ya nufi arewa. An ce da hanya ta ɓace musu, sai ya fasa ƙanƙarar wani rafi ya duba inda ruwan ke gangarawa, ya bi shi har Kogin Dnieper. Kogin ya daskare, amma ƙanƙarar ba ta yi kaurin ɗaukar kaya ba. Suka haye ɗaya bayan ɗaya, waɗansu suka nutse. Igogi da amalanke da raunanan da ba su iya tafiya duk aka bar su a gaɓa. Marubuta kan wuce wannan da sauri, ni kuwa ina gani nan ne hukuncin ya fi nauyi, gama ya san abin da zai same su.

Kwana biyu mahayan Kosak suna bin su suna sara. Daren 20 ga wata ya iso Orsha da mutum kamar 900, bayan an riga an fid da rai da shi. Napoliyon ya yi murna ƙwarai, ya kira shi jarumin jarumai. Bai huta ba. Ya yi faɗa a mashigin Berezina, ya sake karɓar tsaron baya, har tsakiyar Disamba a Kovno aka gan shi da bindiga a hannu kamar ƙaramin soja, yana cikin na ƙarshen da suka bar ƙasar Rasha.

Sai dai mutumin da ya iya sanin hanya cikin duhu bai iya ta cikin sha'anin mulki ba. Cikin 1814 yana cikin waɗanda suka matsa wa Napoliyon ya yi murabus, ya bi sabon sarki, Luwi na 18. Da Napoliyon ya komo cikin 1815, Ney ya yi alkawarin kawo shi a kejin ƙarfe, amma ya je ya koma wajensa. A Waterloo ya yi ta tura barade kan Ingilishi ba tare da dakarun ƙasa ba, ya yi hasarar su a banza. Bayan yaƙin aka yi masa shari'ar cin amana. Ran 7 ga Disamba, 1815, aka fito da shi kusa da lambun Luxembourg a Faris. Ya ƙi a ɗaure masa ido, shi da kansa kuma ya ba sojan umurnin harbi. Shekarunsa 46.