Nana Asma'u, uwar ƴan taru

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekara ta 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan. Ubansu shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata, kusa da Galmi, ba nisa da Madawa.

Asma'u ba ta daɗe da uwarta ba. Tun tana ƙarama, mahaifiyarta Maimuna ta rasu. Sauran matan Shehu suka riƙe ta kamar ƴar cikinsu. A gidan Shehu kowa yana karatu, maza da mata. Ita ma aka ba ta allo, ta fara.

A shekara ta 1804, rigima ta tashi tsakanin Shehu da Yunfa, sarkin Gobir. Jama'ar Shehu suka bar Degel, suka yi hijira zuwa Gudu. Asma'u tana da shekara 11 a lokacin. Ta sha tafiya, ta ga yunwa, ta ga yaƙi. Duk da haka ba a bar ta ta aje karatu ba. Da ta girma, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin yayanta Muhammadu Bello.

Yaƙi ya bar marayu da yawa, da matan da mazansu suka mutu. A ƙauyuka, ƴan mata suna tashi cikin daka da ɗiban ruwa da reno. Babu mai koya musu kome. Asma'u ta san zafin maraici. Ta ga cewa waɗannan yara ba su rasa basira ba, hali ne suka rasa. Sai ta yi dabara: wanda bai iya zuwa wurin karatu, a kai masa karatun har gida.

Ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana daga ƙauyuka. Kowace ana ce da ita jaji. Takan ba jaji malfa da jan rawani, don kowa ya san aikinta. Jaji takan jawo ƴan mata da tsofaffi, su yi tafiya a ƙasa har wurin Asma'u. Su ne ake kira ƴan taru.

Asma'u takan shirya darasi cikin waƙa, da harshen da mutane suke ji. Waƙa ba ta da wuyar riƙewa. Yarinya tana iya maimaita ta tana daka ko tana kaɗi. In ƴan taru suka koma gida, sai su koya wa matan aure da ba su samu zuwa ba. Suna kuma duba marasa lafiya, suna kula da marayu. Hatsi da zuma da man shanu da suke kawo mata, takan raba wa mabukata, don mai yunwa ba ya jin karatu.

Nana Asma'u ta rasu a shekara ta 1864. An rufe ta a Sakkwato, kusa da kabarin ubanta. Ta bar rubuce-rubuce fiye da 60. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin ƴan taru.

A Buza da Keita da Madawa ma akwai yaran da gida ya yi musu nauyi. Wani maraya ne. Wani ubansa ya tafi cin rani. Wata sai ta gama talla kafin ta zo aji. Ba abin dariya ba ne. Ɗan aji na kirki yakan yi kamar jaji: ya kai wa abokinsa darasin da ya wuce shi.

Tambayoyi
1. Su wa suka riƙe Asma'u bayan rasuwar uwarta?
2. Mene ne aikin jaji?
3. Don me Asma'u take shirya darasi cikin waƙa?
4. Yaya za ku taimaki ɗan ajinku da bai zo ba jiya?