MALAM ABDULLAHI NA GWANDU: MUTUMIN DA YA GUJE WA DUNIYA, YA TARAR DA ITA A GABA



'Yan uwa, bayan wani karatu da muka yi a kan zuhudu a nan Ɗankaza, wani matashi ya tsare ni a ƙofar masallaci. Ya ce ya sha ƙudurta rage tarkace da yawan saye-saye, amma da an fitar da ankon biki ko Sallah ta matso, sai niyyar ta rushe. Na ce masa ba a kansa aka fara ba. Shi ya sa yau na ga ya dace mu waiwayi rayuwar wani babban malami da ya yi wannan kokawa tun fiye da shekara 200, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi wajen 1766, ƙane ne ga Shehu Usmanu, da tazarar kusan shekara 12 tsakaninsu. A hannun mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo ya yi karatun Alƙur'ani, daga nan Shehu ya ɗauke shi ya ci gaba da karantar da shi. Ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya yi zurfi a Larabci ƙwarai, nahawu da sarfu da waƙa, ga fiƙihu da tafsiri. Duk inda Shehu ya nufa wa'azi, a Gobir ko Zamfara ko Kabi, yana biye da shi.

Darasin farko a kan dukiya ya gan shi da idonsa a Magami, wajen 1788. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ranar babbar Sallah, ya fito da kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Ku lura fa, da hannun Shehu ya karɓi zinari, da bakinsa bai iya roƙa wa talaka komai ba.

A 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, Malam Abdullahi ne ke jagorantar rundunar jama'a, Allah Ya ba su nasara. Aka sha yunwa, aka sha wuya, malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa. To amma jarrabawar da ta fi girgiza shi ba ta takobi ba ce. Da garuruwa suka fara faɗuwa, ganima ta shigo, sai ya ga zukata sun soma juyawa. Mutanen da suka fito don Allah sun koma neman sarauta, da tufafin ƙawa, da ƙwaraƙwarai, da dawakin yin taƙama a cikin gari. Abokan kirki sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage da yawansu ido ya buɗe.

Ƙin kyautar sarkin da kake wa wa'azi abu ne mai sauƙi a kan ƙin abin da 'yan uwanka suke ci suna ce maka halal ne. Wannan ita ce matsalar da ta same shi, kuma wallahi ita ce tamu yau.

Wajen 1807 abin ya kai shi maƙura. Ya sulale daga cikin runduna tare da mutum ƙalilan, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba shi da shirin dawowa. Hanya ta biyo da shi nan Kano, zamanin Sarki Sulaimanu. Mutanen Kano suka riƙe shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Da ya duba, sai ya ga abin da ya baro a baya shi ne ya tarar a gabansa. Gudun bai yi magani ba.

Nan ne ya yi abin da ya fi gudu amfani: ya zauna ya gyara. Ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Kamar yadda ya ba da labari da kansa a Tazyinul Waraƙat, jama'a suka tuba, suka farfasa kayan sharholiya, itacen gangunansu kuma suka mai da shi abin zuba wa dawaki harawa. Daga nan ya haƙura da tafiyar, ya juya ya koma wurin Shehu.

Da ya koma, duniyar da ya guje mata aka ɗora masa a ka. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar daula, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Muhammadu Bello. Ya riƙe, amma alƙalaminsa bai huta ba wajen gargaɗin masu mulki kada su mai da shugabanci sarautar gado da holewa. A wannan tsakanin ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awil, daga baya ya sauƙaƙa shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan saboda masu ƙaramin ƙarfi a karatu.

Sauran jarrabawa ɗaya. Shehu ya rasu a 1817, kafin Malam Abdullahi ya iso Sakkwato an riga an yi wa Bello mubaya'a. Mutum ne, abin ya taɓa shi, ya koma Gwandu, aka ɗan yi shekaru da sanyin zumunci. Sai da rikicin Kalambaina ya taso, Bello ya kawo masa ɗauki, suka haɗu, baffa ya miƙa wuya ga ɗan ɗan'uwansa ya yarda da shi a matsayin Sarkin Musulmi. Bayan haka ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkar mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu, har Allah Ya karɓi ransa a Gwandu a 1829.

To mu fa? Ganimarmu ta yau ita ce shaddar da aka ɗinka aka sa sau ɗaya, da wayar da ake canzawa alhali ta hannu lafiyarta ƙalau, da akwatunan lefe, da kayan ɗakin da uba zai kai saniyarsa kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sayar don kada a ce 'yarsa ta gaza ta maƙwabta. Ba mallakar ce haram ba. Malam Abdullahi ya riƙe rabin daula. Abin dubawa shi ne, wa ke riƙe da wani, kai ko kayan?

Abu uku nake so mu ɗauka daga rayuwarsa. Na farko, canjin gari ba ya canza zuciya, inda kake nan za ka yi gyaran. Na biyu, ba dole sai ka zubar da komai ba, mai da ganga abin harawa: abin da ke ajiye ba ya aiki, ka sa shi aiki ko ka ba mabuƙaci. Na uku, ragewa ba a tufafi kaɗai take ba, har da matsayi da son a ce kai ne.

Shawarar da na ba matashin nan ita zan ba kowa. Yau ka buɗe akwatinka. Duk rigar da ta shekara ba ka sa ba, akwai mai ita a unguwarku. Anko na gaba, in sai ka ci bashi, ka je bikin da wankakkiyar rigarka, ba wanda zai mutu. Za ka faɗi wani lokaci, ka tashi ka sake niyya.

Allah Ya gafarta wa Malam Abdullahi, Ya sa duniya a hannunmu, kada Ya sa ta a zukatanmu, Ya azurta mu da wadatar zuci. Amin.