Rifa'a al-Tahtawi

Rifa'a Rafi' al-Tahtawi (an haife shi a ranar 15 ga watan Oktoba, 1801, ya rasu a ranar 27 ga watan Mayu, 1873) malamin addinin Musulunci ne ɗan ƙasar Masar, marubuci, mai fassara kuma jami'in ilimi. An fara saninsa ne a matsayin limamin ayarin ɗaliban da gwamnatin Muhammad Ali Pasha ta tura karatu Faransa a shekarar 1826, a wani shirin haɗin gwiwar ilimi da kimiyya tsakanin ƙasashen biyu. Bayan ya dawo gida ya shugabanci Makarantar Harsuna ta Alƙahira, inda shi da ɗalibansa suka mayar da littattafan kimiyya, tarihi da dokoki daga Faransanci zuwa Larabci. Ana lissafa shi cikin magabatan Nahda, wato farfaɗowar ilimi da adabin Larabci a ƙarni na 19.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Rifa'a a garin Tahta da ke kudancin Masar, a yankin da yanzu yake cikin lardin Sohag, kuma daga sunan garin ne ya samo laƙabinsa. Danginsa sharifai ne, kawunnansa na wajen uwa kuma malamai ne. Gidansu ya shiga ƙunci lokacin da Muhammad Ali ya soke tsohon tsarin karɓar harajin gonaki da ake kira iltizam, wanda gidaje irin nasu suka dogara da shi. Rifa'a ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, ya kuma fara karatun nahawu da fiƙihu a hannun kawunnansa.

A shekarar 1817 ya shiga Azhar. Malamin da ya fi tasiri a kansa shi ne Sheikh Hasan al-Attar, wanda ya yi hulɗa da masanan Faransa lokacin da sojojin Napoleon suka mamaye Masar, kuma yake ganin ya kamata Musulmi su koyi ilmomin zamani. Bayan ya kammala, Rifa'a ya koyar a Azhar na ɗan lokaci, sannan a 1824 aka naɗa shi limami a sabuwar rundunar sojan Masar. Al-Attar ne ya ba da sunansa sa'ad da aka nemi limamin da zai raka ɗalibai zuwa Paris.

Dangantakar Masar da Faransa a fannin ilimi

Hulɗar ilimi tsakanin ƙasashen biyu ta faro ne da yaƙi. Napoleon ya shiga Masar a 1798 tare da masana fiye da 150, Faransawa kuma suka fice a 1801. Binciken waɗannan masana shi aka tattara a babban kundin nan mai suna Description de l'Égypte, wanda masanin labarin ƙasa Edme-François Jomard ya jagoranci shirya shi.

Muhammad Ali, wanda ya hau mulki a 1805, a hukumance gwamna ne a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, amma yana tafiyar da huldarsa da Turai kamar mai cin gashin kansa. Yana buƙatar hafsoshi, likitoci, injiniyoyi da ma'aikatan ofis. Ɗaliban da ya fara turawa waje sun tafi Italiya ne. Daga baya ƙaramin jakadan Faransa a Masar, Bernardino Drovetti, da Jomard suka ja hankalinsa zuwa Paris. Masar ce ke biyan kuɗin karatun, Jomard kuma shi ke kula da tsarinsa. Faransa na neman gindin zama a gabashin Bahar Rum, inda take gogayya da Birtaniya, Masar kuwa na neman ƙwararru.

Wannan hulɗa ta ɗore duk da saɓanin siyasa. A ranar 20 ga watan Oktoba, 1827, jiragen yaƙin Faransa, Birtaniya da Rasha suka ragargaza na Usmaniyya da Masar a Navarino, a lokacin yaƙin neman 'yancin Girka, amma ɗaliban suka ci gaba da karatunsu a Paris. A shekarar ce raƙumin dawar da Muhammad Ali ya aika wa Sarki Charles na 10 kyauta ya isa birnin, kuma a 1836 aka kafa dogon ginshiƙin dutsen Luxor, wata kyautar Masar, a dandalin Concorde.

Zamansa a Paris

Ayarin, mai ɗauke da mutum kimanin 40, ya tashi daga Iskandariyya a cikin jirgin ruwa a 1826, ya sauka a Marseille, inda aka killace su na wasu kwanaki saboda gudun annoba kafin su wuce Paris. Da yawa daga cikin ɗaliban 'ya'yan Turkawa ne, Sarkasawa da Armeniyawa na gidajen masu mulki. An rarraba su zuwa fannoni kamar aikin soja, tuƙin jirgin ruwa, injiniyanci, likitanci, noma da sha'anin mulki. Muhammad Ali yana bibiyar su da wasiƙu, yana neman rahoton abin da kowa ya karanta, yana kuma tsawatar wa masu kasala.

Aikin da aka ɗora wa Tahtawi, wanda a lokacin yake da shekara 24, shi ne jan salla da yi wa ɗalibai wa'azi. Sai dai shi ma ya duƙufa koyon Faransanci, har Jomard ya lura da himmarsa ya karkatar da shi zuwa fannin fassara. Ya karanta lissafi, labarin ƙasa, tarihi da manɗiƙi, ya kuma karanta ayyukan Voltaire, Rousseau, Montesquieu, Condillac da Racine. Ya ƙulla abota da masana Larabci na Faransa irin su Silvestre de Sacy da Caussin de Perceval, waɗanda suka duba rubutunsa suka ba shi shawara.

Yana Paris lokacin da Faransa ta kai wa Aljeriya hari a 1830, ya kuma ga juyin juya halin watan Yuli na wannan shekara, wanda ya tumɓuke Charles na 10. A jarrabawarsa ta ƙarshe, a watan Oktoban 1830, ya gabatar da fassarori 12 tare da rubutun littafin tafiyarsa. Ya koma Masar a 1831.

Littafin Takhlis al-Ibriz

An buga Takhlis al-Ibriz fi Talkhis Bariz a maɗaba'ar gwamnati ta Bulaq a 1834, aka kuma fitar da fassararsa ta Turkanci a 1839 domin manyan jami'an gwamnati, waɗanda Turkanci ne harshensu na aiki. Littafin ya bayyana gidaje, abinci, tufafi, asibitoci, makarantu, ɗakunan karatu, jaridu da gidajen wasan kwaikwayo na Paris. Ya kuma kawo fassarar kundin tsarin mulkin Faransa na 1814 tare da sharhi, inda ya kwatanta abin da Faransawa ke kira 'yanci da abin da Musulmi suka sani da adalci da insafi.

Tahtawi ya yaba wa Faransawa kan son ilimi, tsafta da riƙo da aiki, ya kuma soki sakacinsu da addini da wasu ɗabi'unsu na zaman tare. Hujjarsa ta karɓar ilmominsu ita ce Turawa sun gina su ne a kan abin da suka koya daga Musulmi a ƙarnukan baya, don haka koyonsu maido da kayan gida ne. Ya kuma yi wa harshe wata lura: ya ga cewa mai karanta littafin kimiyya da Faransanci yakan kai ga ma'ana kai tsaye, alhali ɗalibin Azhar yakan ɓata lokaci mai tsawo yana warware lafuzza ta hanyar sharhi da hashiya.

Makarantar Harsuna da aikin fassara

Babbar matsalar sababbin makarantun Masar ita ce harshe. A makarantar likitanci ta Abu Za'bal, wadda likitan Faransa Clot Bey ya kafa a 1827, malamai na koyarwa da harsunan Turai ne, tafinta kuma ya juya wa ɗalibai zuwa Larabci, sau da yawa ba tare da shi kansa ya san fannin ba. A nan Tahtawi ya fara aiki a matsayin mai fassara, daga baya aka mayar da shi makarantar sojan igwa da ke Tura.

A 1835 aka buɗe makarantar horar da masu fassara a Alƙahira bisa shawararsa, wadda aka san ta da suna Madrasat al-Alsun, wato Makarantar Harsuna, shi kuma ya zama shugabanta. Ana koyar da Larabci da Faransanci, tare da tarihi, labarin ƙasa da lissafi. A 1841 aka haɗa mata ofishin fassara mai sassa daban-daban na ilimi. Ƙiyasin da ake yawan ambatawa shi ne shi da ɗalibansa sun fassara ayyuka kusan 2,000. Cikin waɗanda ya yi da hannunsa akwai wani ɓangare na littafin labarin ƙasa na Malte-Brun, da littafin Depping kan al'adun al'ummomi.

Wajen kalmomin da Larabci ba shi da su, ya bi hanyoyi uku. Wani lokaci yakan tono tsohuwar kalmar Larabci ya faɗaɗa ma'anarta, wani lokaci ya ɗauki wadda jama'ar Masar ke amfani da ita a baki, idan kuma babu sai ya ari ta Faransanci ya rubuta ta da haruffan Larabci ya yi mata bayani, kamar yadda ya yi da kalmomin jarida da gidan wasan kwaikwayo. Fassararsa ta littafin Depping tana ɗauke da jerin irin waɗannan baƙin kalmomi da ma'anoninsu. A 1842 aka ba shi kula da jaridar gwamnati, al-Waqa'i' al-Misriyya, inda ya ɗaga matsayin Larabci a kan Turkanci.

Zaman Sudan

Dukkan wannan aiki ya rataya ne a kan ra'ayin mai mulki. Abbas na 1, wanda ya hau mulki a 1848, ba ya son tasirin Faransa, ya rufe makarantu da dama har da Makarantar Harsuna. A 1850 aka tura Tahtawi birnin Khartum ya shugabanci wata makarantar firamare, abin da shi da masana tarihi da yawa suka ɗauka a matsayin kora. Wasu abokan aikinsa sun rasu a can, cikinsu har da masanin lissafi Muhammad Bayyumi, wanda shi ma ya yi karatu a Faransa. A wannan zaman ne ya fassara labarin Télémaque na Fénelon, littafin da ke yi wa sarakuna nasiha kan adalci, wanda sai a 1867 aka buga shi a Beirut. Ya koma Alƙahira a 1854 bayan rasuwar Abbas.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

A zamanin Sa'id Pasha ya shugabanci makarantar soja da ke cikin ganuwar Alƙahira, ya kuma ƙarfafa wa maɗaba'ar Bulaq gwiwar buga tsofaffin littattafan Larabci, har da ayyukan Ibn Khaldun. Da Isma'il ya hau mulki a 1863 aka sake buɗe ofishin fassara a ƙarƙashinsa, inda ya jagoranci fassara dokokin Faransa na mu'amala tsakanin jama'a zuwa Larabci. A 1870 ya zama editan mujallar ilimi ta Rawdat al-Madaris.

Manyan littattafansa na wannan lokaci sun haɗa da Anwar Tawfiq al-Jalil (1868) kan tarihin Masar tun daga zamanin Fir'aunoni, da Manahij al-Albab al-Misriyya (1869) kan tattalin arziki, aiki da kishin ƙasa, da al-Tuhfa al-Maktabiyya, wanda ya sauƙaƙa nahawun Larabci ga 'yan makaranta. A cikin al-Murshid al-Amin lil-Banat wal-Banin ya kare ilimin 'ya'ya mata da hujjoji na addini da na zaman iyali. An kuma san shi da wata takarda da ya rubuta wa matarsa, 'yar kawunsa, inda ya yi alkawarin ba zai yi mata kishiya ba muddin suna tare. Ya rasu a Alƙahira a 1873 yana da shekara 71. Littafinsa na tarihin Annabi (SAW), Nihayat al-Ijaz, ya fito ne bayan rasuwarsa.

Tasiri da suka

Wasu daga cikin abokan tafiyarsa sun riƙe manyan muƙamai, kamar Mustafa Mukhtar, wanda ya fara shugabantar hukumar makarantu da aka kafa a 1837. Amma tasirin Tahtawi ya fi daɗewa, domin ta hanyarsa abin da mutum 40 suka koya a Paris ya shiga littattafan da dubban ɗalibai suka iya karantawa da harshensu. Yana cikin waɗanda suka fara amfani da kalmar watan da ma'anar ƙasar haihuwa wadda dukkan mazaunanta ke da haƙƙi da nauyi a kanta.

Masu suka na nuna cewa bai ƙalubalanci ikon mai mulki kai tsaye ba, ya tsaya ga yi masa nasiha. Wasu masana, irin su Eve Troutt Powell, sun kuma yi nazarin yadda ya kalli baƙaƙen fatar Afirka: a gabatarwar Takhlis ya kasa al'ummomi mataki uku na wayewa, ya sanya wasu mutanen ƙasashen Sudan a mataki na ƙasa, kuma rubuce-rubucensa kan zamansa a Khartum suna ɗauke da irin wannan raini.

An sake farfaɗo da Makarantar Harsuna a tsakiyar ƙarni na 20, kuma a yau ita ce Tsangayar Alsun ta Jami'ar Ain Shams da ke Alƙahira.