Hans Krebs: Likitan da ya gano yadda hanta ke kawar da gubar amoniya

An haifi Hans Adolf Krebs ne a ranar 25 ga watan Agustan 1900 a garin Hildesheim na ƙasar Jamus. Ya gaji mahaifinsa a karatun likitanci, sa'annan ya yi shekaru huɗu a birnin Berlin yana koyon bincike a hannun shahararren masanin nan Otto Warburg.

A asibitin jami'ar Freiburg ne ya yi aikin da ya fara fito da sunansa. Tun kafin lokacin masana sun san cewa idan jiki ya sarrafa nama ko wake ko ƙwai, sinadarin naitirojin da ya rage kan zama amoniya, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwa, kuma hanta ce ke mayar da ita yuriya da ƙoda ke fitarwa a fitsari. Sai dai yadda take yin hakan ya gagari kowa.

A shekarar 1932 Krebs da ɗalibinsa Kurt Henseleit suka yi ta gwaji da siraran yankan hantar ɓera. Da suka zuba ɗan kaɗan na wani sinadari mai suna onitin, sai yuriya ta yawaita fiye da kima, shi kuwa onitin ɗin bai ƙare ba. Ashe zagaye yake yi: ya ɗauki amoniya da iskar kabon dayoksaid ya rikiɗe ya zama sitirulin, daga nan ya zama ajinin, wanda ake tsagawa yuriya ta fita, onitin ya koma ya ɗauko wani kayan. Wannan ya sauƙaƙa wa likitoci fahimtar abin da kan sa mai ciwon hanta mai tsanani ya ruɗe ko ya suma.

Amma ƙasarsa ba ta saka masa da alheri ba. A shekarar 1933, bayan hawan Hitler kan mulki, aka kore shi daga aiki saboda asalinsa na Bayahude, ya yi ƙaura zuwa Cambridge a Ingila.

A jami'ar Sheffield, a shekarar 1937, ya gano wani zagayen na yadda ƙwayoyin jiki ke samar da kuzari daga abinci, wanda ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1953. Ya rasu a birnin Oxford ranar 22 ga watan Nuwamban 1981 yana da shekaru 81.