Muhammadu Rumfa da Gidan Makama

Kano babban birni ne a Nijeriya, kudu da Damagaram. Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499.

An ce tun yana riƙe da sarautar Makama aka gina masa wani gida na ƙasa. Shi ne Gidan Makama. Da ya zama sarki, sai ya gina sabuwar fada, Gidan Rumfa. Ya faɗaɗa ganuwar birni, ya kafa kasuwar Kurmi.

A zamaninsa wani babban malami, Shehu Magili, ya biyo ta ƙasar Azbin ya sauka Kano. Ya rubuta wa Rumfa littafi a kan yadda sarki zai riƙe talakawansa da adalci.

Amma Rumfa bai samu hutu ba. Shekara 11 yana yaƙi da Katsina, babu wanda ya ci wani.

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, suka yi ofis a Gidan Makama. Yanzu gidan tarihi ne. Ƴan makaranta suna bi zaure zaure, suna kallon takubba, da kayan kiɗa, da manyan ƙyamaren ƙofofin birni na dā.