Felix Wankel: ya ƙirƙiro inji, bai taɓa riƙe lasin tuƙi ba

An haifi Felix Wankel ranar 13 ga Agusta, 1902, a garin Lahr na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ya mutu a fagen daga a 1914, iyalin suka koma Heidelberg cikin ƙunci. Bai shiga jami'a ba. A wani kamfanin buga littattafai ya fara neman abinci, yana koya wa kansa aikin inji a gefe.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne fistin da ke hawa da sauka a cikin inji. Shi kuwa yana son injin da juyawa kawai zai riƙa yi. A 1929 ya yi rajistar ƙirƙirarsa ta farko a kan haka.

Tarihinsa na da tabo. Ya shiga jam'iyyar Nazi tun yana matashi, aka kore shi, har aka tsare shi a 1933. Duk da haka, daga baya ya yi wa ma'aikatar jiragen saman gwamnatin aiki a garin Lindau. Da yaƙi ya ƙare a 1945, Faransawa suka tsare shi, suka wargaza ɗakin bincikensa.

Sai ranar 1 ga Fabrairu, 1957, injinsa ya tashi a kamfanin NSU. Wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa, yana zuƙar mai, ya matse, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Curtiss-Wright na Amurka ya sayi izinin ƙera shi a 1958, Mazda na Japan ya biyo baya a 1961.

Rauninsa yana ga siraran ƙarafan da ke toshe kafa a kusurwoyin nan uku. Saurin cinyewarsu a motar Ro 80 ta 1967 ya jawo wa NSU asara mai yawa, har Volkswagen ya karɓe kamfanin a 1969. Mazda ne ya jure, ya gyara.

Yau masu harhaɗa ƙananan jiragen sama a gidajensu, musamman a Amurka, suna ciro injin 13B daga motocin Mazda su ɗaura masa farfela, saboda ƙanƙantarsa da ƙarancin jijjiga. Amma inji ne mai zafi, kuma baƙin mai ne ke sanyaya cikinsa. Shi ya sa suke jan wayoyi daga na'urorin awo zuwa gaban matuƙi: zafin ruwan lagireto, zafin baƙin mai da ƙarfin hawansa, da zafin hayaƙin salansa. Waya ɗaya ta saki a sama, matuƙi ya rasa labarin injinsa, ga shi babu gefen hanyar da zai tsaya.

Wankel ya mutu a Heidelberg ranar 9 ga Oktoba, 1988. Saboda raunin gani, bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba. Direba ke jan sa a motar da injinsa ke ciki.